Shumekan Da Ya Yi Wa Ƙafarsa Aiki

Yayana shumeka ne, kuma tunda nake ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Rumfarsa na bakin titi, cike da warin gam da tsofaffin takalma. A nan yake zama yana gyara wa kowa zance. Direba ya zo, ya koya masa tuƙi. Matarsa ta haihu, ya koya mata goyo. Mutumin da ko sunansa sai ya yi gumi yake rubutawa!

Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa. Ya ce tawadar Allah ce. Tawadar da ke ƙara faɗi, gefenta a karkace, launi biyu? Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ta yanki ɗan kaɗan aka gwada, sannan ta zaunar da mu.

“Sankarar fata ce,” in ji ta. “Amma kun zo da wuri. Ba faɗinta muke fara dubawa ba, zurfinta. Wannan ba ta nutse sosai ba, mataki na ɗaya ke nan. Mu yanke ta da ɗan naman kewaye, yawanci shi ke nan.”

“In an bar ta fa?” na tambaya.

“Ta ƙara kauri ko ta fashe, na biyu. Ta kai ga kaluluwa, na uku. In ta shiga huhu ko hanta, na huɗu.”

Muna fita ya yi tsaki. “Yarinyar nan za ta koya mini fata? Ni da na tsufa ina yankanta?”

“Yaya, fatar saniya kake yanka, matacciya.”

“Fata fata ce. Rufe mini baki.”

Kun san abin da gwanin ya yi? Ya ɗauki rezar aikinsa ya kankare tabon, yadda yake kankare sol kafin ya shafa gam. Da wurin ya fara zafi, sai ya huda rami a soson takalminsa daidai ciwon, don kada ya taka shi. Har nuna wa kwastomomi dabarar yake yi, yana washe baki. Tabon ya dawo, ya sake kankarewa. Ya fara tsattsafar da jini, ya faɗaɗa ramin. Wallahi haushi kamar ya kashe ni, na daina zuwa rumfar.

Da ƙullutu ya fito masa a matsematsi, cewa ya yi zaman benci ne. Matarsa ta yi kuka, ya ce ai su mata ba su san komai ba. Sai da tari ya hana shi riƙe guduma sannan ya yarda muka koma.

Likitar ba ta yi masa gori ba. Ni ce na so ta yi. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa, ta nuna fararen ɗigo a huhu biyu, ta ce mataki na huɗu ne, za su yi abin da za su iya.

Da ta fita na dube shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na shirya baƙar magana tun daga gida, tana bakina. Sai ya juyo, murya ƙasa-ƙasa.

“Auta, bayan na huɗun, saura nawa?”

“Babu, Yaya,” na ce.