Kabarin Baba tsakanin aduwa biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Idi dillalin dabbobi, kuma sai bana na gane ban san inda muka binne shi ba.

Duk wanda ya ci kasuwar Dakoro a zamaninsa ya san Baba ba ya mantuwa. In saniya ta taɓa bi ta hannunsa, ko bayan shekara biyar aka dawo da ita daga Tagriss, zai faɗi uwarta da wanda ya saye ta. Dabararsa ita ce ya tsaya ya dubi abu da kyau, ya kira sunansa da ƙarfi. Ni kuwa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na yi lakwal, wato boko, na zama mushe, wato malamin makaranta, amma lambar wayar matata ma sai na duba salula. Da Baba ya ga haka, na san dariya zai yi har rawaninsa ya kwance.

Abin da ya tono maganar shi ne Inna, mahaifiyarmu. Jikinta ya yi rauni tun damina, sai ta kira ni da yayana Sani ta ce in ta cika a kwantar da ita kusa da mijinta. Mata ba sa rakiyar gawa, saboda haka ba ta taɓa ganin wurin ba, mu ta dogara da mu. Muka tafi maƙabarta don mu ga ko da sauran fili. Na miƙe kai tsaye zuwa aduwar da ke kusa da hanya, inda nake tsayawa in yi addu'a duk shekara. Da na waiga, Sani na can gindin wata aduwa ta gabas, ya ɗaga hannu.

"Kai mi kake yi nan?" in ji shi. "Baba na nan wajena."

Na ce ni na riƙe kan Baba aka sa shi a rami, yaya za a yi in ɓata? Sani ya dube ni da tausayi. Ya ce ranar ina Ɗan Gulbi wurin aiki, kabu-kabun da ya ɗauko ni ya yi faci, ban iso ba sai da aka jera itace ana zuba ƙasa. Shi ya riƙe kan.

Har yau wannan magana ta hana ni sakat. Ina jin nauyin kan nan a tafin hannuna, ina jin ƙanshin turaren likkafanin. A makarantar horon malamai an koya mana cewa ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce da za ka zuba hatsi ka dawo ka tarar da shi yadda yake. Abin da hankalinka bai tsaya a kai ba, bai shiga ba tun farko, wanda ya shiga kuma duk lokacin da ka ciro shi sai ka sake gina shi da abin da ka ji a bakin mutane. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci, ban taɓa zaton da ni ake ba. Wataƙila labarin Sani na yi ta ji har ya zama nawa. Wataƙila kuma shi ne ya ɗauki nawa. An ce gani ya kori ji, to mu biyu duk mun ce mun gani.

Mun tambayi dattawa uku. Ɗaya ya bi bayana, ɗaya ya bi bayan Sani, na ukun ya ce shi dai ya tuna ana zafi. Wanda ya haƙa kabarin ya rasu, sakainar tukunyar da aka kafa don shaida kuma rairayi ya cinye ta. Liman ya ce addu'a ba ta ɓatan hanya, kuma na yarda, amma ba addu'a Inna ta roƙe mu ba.

Me ya rage mini na Baba ke nan? Muryarsa ma na fara shakkar ko tasa ce nake ji. Abin da na tabbata shi ne, in na kama rago a kasuwa, hannuna kan buɗe bakinsa ya duba haƙora kafin in yi tunani. Wannan ba wanda zai yi mini gardama a kai.

Jiya da hantsi Inna ta sake tambayata ko mun ga wurin. Na ji kunya ta rufe ni, na ce mun gani, akwai fili.

"To alhamdu lillahi," ta ce. "Ni dai ban so in kwanta kusa da baƙo."