Garin Da Na Hana Ƙanena Faɗa Mini Sunansa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni matar aure ce a Sabon Birnin Gobir, ina ɗinki a cikin gida, karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba. A danginmu an san ni da riƙon asiri. Ana cewa in aka gaya mini magana kamar an jefa dutse a rijiya ne. Ina jin daɗin wannan yabo ƙwarai, ban san shi zai kai ni ga abin da za ni ba ku labari ba. Ba za ni ambaci sunan kowa ba, don mahaifiyarmu tana da rai, kuma abin da ta gani ya ishe ta.

Ƙanena shi ne autanmu, ni na goye shi. An haife shi da ciwon sikila. Yana yaro, da sanyi ya shigo ciwon yakan tashi, sai gidanmu ya cika, wannan tana dafa ruwan zafi, wancan yana matsa masa ƙafafu, maƙwabta suna shigowa ba sai an kira su ba. Da ya girma ciwon ya lafa har muka fara mantawa da shi. Ya yi karatu, ya sami aiki a wani babban shagon kayan sola a Sakkwato, maigidansa ya taɓa aika shi ƙasar waje sayo kaya. Tun daga nan son ganin duniya ya shiga ransa.

Bayan girbin gero ya zo ganin gida. Ya same ni a kan keken ɗinki, ya zauna ƙasa kamar yadda ya saba, ya nuna mini wani rubutu a wayarsa game da ƙananan garuruwan Turai da ba kowa ya san su ba. Ya ce kowa bakinsa Paris, kowa bakinsa Landan, alhali akwai wasu tsofaffin garuruwa da ɗakin kwanansu ya fi na Abuja araha, musamman in sanyi ya shigo baƙi sun watse. Ya riga ya sami biza, ya sayi tikiti ta waya. Kwana kaɗan ne kawai, ya ga gari, ya ɗauki hoto, ya dawo bakin aikinsa. Na tsokane shi da cewa Bagobiri da tsage a fuska zai je ya firgita 'ya'yan Turawa. Ya ce ai gara su ga sarauta da idonsu ko sau ɗaya ne kafin su mutu.

Duk wanda ke yankinmu ya san halin da muke ciki. Masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikinmu suke, ba ka san wanda kake cin tuwo da shi ba. In aka ji ɗan gidan wane ya tafi Turai, babu mai yarda yawon buɗe ido ne, za a ce gidan dukiya ne, a zo a ɗauki tsohuwa. Saboda haka ni na tsara masa komai. Na ce kada Inna ta ji, kada babban wanmu ya ji. A wurin aiki ya ce gida zai zo hutu, mu kuma a gida mun san yana Sakkwato. Da ya buɗe baki zai faɗi sunan garin, sai na ɗaga masa hannu. Na ce ya riƙe abinsa, ko ƙasar ba na son sani, abin da kunne bai ji ba baki ba ya faɗa. Ya yi dariya, ya ce ko ya faɗa ma harshena ba zai iya juya shi ba.

Da ya isa sai ya fara turo mini hotuna da bidiyo. Garin yana da kyau, amma tun kallon farko bai kwanta mini ba. Tituna ne na dutse, dogayen gidaje a manne da juna, tagogi duk a rufe, babu yaro ko ɗaya a waje, babu akuya, babu mai talla. Hazo ya rufe wata gada a kan kogi. Ya ce tun ana la'asar duhu ke shigowa. A cikin muryarsa ina jin ƙarar takalminsa shi kaɗai, sai wata ƙararrawa da ke bugawa daga nesa. Ya ba ni labari yana dariya cewa ya hango wani dattijo zaune a kan benci, ya ƙarasa ya gaishe shi, ashe gunkin ƙarfe ne. Ya ce an gaya masa samarin garin duk sun tafi manyan birane neman aiki, ya tuna masa da ƙauyukanmu na bayan Tsamaye da mutane suka gudu suka bar rumbuna a tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne masaukin. Na tambaye shi wane ne mai gidan, ko ya tarbe shi. Ya ce bai ga kowa ba. Lamba aka turo masa ta waya, ya danna a jikin wani ƙaramin akwati a bakin ƙofa, makulli ya fito. Ya ce ya yi sallama a ƙasan bene, muryarsa ta hau sama ta dawo masa. Yana jin tafiyar mutum a saman ɗakinsa, yana jin ana buɗe famfo, amma bai taɓa haɗuwa da kowa a matakala ba. Na ce wannan wane irin masauki ne babu mai masauki. Ya ce shi ya sa ya yi araha, Yaya.

Washegari tafiya ta kama ni zuwa Isa sayen yadi da zare. A wurinmu kafin mutum ya shiga mota yakan share wayarsa, don in aka tare hanya waya ake fara bincikawa, hoton ƙasar waje kuwa ya isa a sa maka farashi. Na zauna na goge komai, hotuna da bidiyo da saƙonni. A cikinsu akwai hoton ƙofar gidan da wani rubutu a samanta. Na gan shi, na goge.

Da na dawo da yamma na tarar da saƙon muryarsa. Muryar ta canza. Ya ce sanyin ya shiga ƙashinsa, na'urar ɗumama ɗakin ta ƙi kamawa, ya rubuta wa mai gidan bai amsa ba, ƙafafunsa sun fara irin na da. Na kira shi, na ce ya fita ya buga wa maƙwabta. Ya ce ya buga duk ƙofofin da ke hawansa, a bayan ɗaya ma yana jin rediyo, ba a buɗe ba. Na ce ya sha ruwan zafi da maganinsa, ya lulluɓa, ciwon zai lafa. Na yi masa magana kamar yana zauren gidanmu, inda ko nishi ya yi wani zai leƙo. Ban ce ya nemi asibiti ba. Ya ce to Yaya, za ni ɗan kwanta.

Daga nan ban ƙara jin muryarsa ba. In na kira, wayar tana shiga, tana ta ringin har ta katse. Na rubuta masa cewa ya daina wasa da hankalina, in ya dawo sai na ja kunnensa. Bayan wani lokaci alamar saƙon ta nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba, amma hankalina ya kwanta, na ce tsokanarsa ce, yawo ya ɗauke masa hankali. Na ci gaba da ɗinkina.

Ranar dawowarsa ta wuce. Daga wurin aikinsa aka kira babban wanmu ana tambayar me ya riƙe shi a gida. Su sun san yana wurinmu, mu mun san yana wurinsu, sai kowa ya yanke cewa a hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni aka ɗauke shi. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ɗora waya a cinyarta. Da kunnena na ji tana roƙon Allah ya sa waɗanda suka kama shi su kira. Na kalle ta a haka na ci gaba da riƙe asirin, ina gaya wa kaina gobe zai ɓullo, in na faɗa kuma maganar ta fita na jawo wa gidan masifa. Sai da na ga ta daina cin abinci sannan na durƙusa gabanta na faɗi gaskiya. Wanmu ya tambaye ni wace ƙasa, na ce ban sani ba. Wane gari, ban sani ba. Ya ce in kawo hotunan, na ce na goge. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni ne kawai ko ya tafi da rigar sanyi.

Muka tafi Sakkwato muka yi ta shiga ofisoshi. Ina ba su labarin gada da hazo da ƙararrawa da gunki a kan benci. Wani ma'aikaci ya ce mini cikin tausayi, Hajiya, rabin garuruwan Turai haka suke. Duk wannan lokaci wayar ba ta daina shiga ba. Kullum ina kira, kullum tana ringin a wani ɗaki da ban san inda yake ba. Wata rana da hantsi na kira, sai aka ce a kashe take.

Labarin ya zo ta ofishin jakadanci zuwa wurin aikinsa. Saboda lokacin sanyi ne babu wani baƙo da ya kama ɗakin bayansa, mai gidan bai yi saurin aiko mai shara ba. Ita ta same shi kwance a lulluɓe, wayar tana jikin caji kusa da kansa, cike da kirana. Likitocin can sun ce ba a ranar farko ya cika ba. Ashe lokacin da ya karanta saƙona na jan kunne yana da rai, hannunsa ne ko ƙarfinsa ya kasa. An ce asibiti yana kusa, ana zuwa da ƙafa. Da na san sunan garin da na gidan, da an sami wanda zai fasa ƙofar. Wasu Musulmi da ba su san shi ba suka yi masa wanka suka binne shi, Allah ya saka musu. Mu kuma muka yi masa salla a nan babu gawa.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Ban ga laifin tafiya ba, ban ga laifin garin ba, mutanensa haka suke rayuwarsu. Abin da na koya shi ne tsoron da ya zauna a ƙasarmu ya koya mana ɓoye abin da bai kamata a ɓoye ba. 'Yan uwa, in naku zai tafi irin waɗannan wurare, a ɓoye wa duniya in ana so, amma mutum biyu a gida su san ƙasar, su san garin, su san ƙofar da zai kwana. Mai wani ciwo ya tambayi dalilin arahar kafin ya yi murna da ita, ya san lambar neman agaji da inda asibiti yake tun ranar da ya sauka. Kuma in naku ya yi shiru a ƙasar da ba shi da kowa, kada ku yi masa uzuri, ku ta da kowa a ranar. Ina roƙon wanda ya karanta ya yi wa ƙanena addu'a, ya haɗa da Inna, wadda har yau ba ta taɓa ce mini laifina ne ba.