Lambar Yila a Kwallar Kaka

Tun ina da cikin ɗana nake da wata fargaba da ban faɗa wa kowa ba. A gidanmu an yarda yaro yana ɗaukar halin mai sunansa, ni kuma na riga na roƙi mijina in namiji ne a sa masa Bukar, sunan kakana. Ban taɓa ganin mutumin ba, ya rasu kafin a haife ni. Duk abin da na sani a kansa daga bakin matarsa ne, Kaka Yagana, ita kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta cika kai labari ƙarshe ba.

A unguwar Bolari ta Gombe muka taso, a wani gida bayan garejin masu gyaran mota. Kaka gyaɗa take soyawa ta sayarwa. Da an idar da sallar magariba za ta ɗora kasko ta zuba yashi, mu jikoki mu kewaye murhu, kowa na jiran wadda ta ƙone don ita ce rabonmu. Tana juya yashi za ta ce da Hausarta mai gargadar Barebari, "Ku matso, ga ta nan ta iso da ƙafarta." Mu ce ta shigo mu gani. Ɗuminta da ƙamshin gyaɗar nan har yau ban sami kamarsu ba.

Akwai wata tatsuniya guda ɗaya da take yawan maimaitawa, babu Gizo a ciki. Wasu samari biyu ne aka ɗiba soja zamanin Turawa, aka haye teku da su zuwa yaƙi a ƙasar Bama. Ɗaya mai salla, ɗaya mai zuwa coci, amma kwano ɗaya suke ci. In mai salla ya tayar da kabbara, abokin ne ke tsaya masa gadi da bindiga. Rannan wajen ƙetare wani kogi harsashi ya sami mai zuwa cocin. Abokin ya goya shi har tsallake. Da wanda aka harba ya ga ba zai tashi ba, sai ya ciro lambar yabonsa ya danƙa masa, ya ce ya kai wa uwarsa.

"Ya kai, Kaka?"

"Wayyo, gyaɗata za ta ƙone! Ke Falmata, bakinki kamar rediyon mai shayi. Miƙo min matsamin can."

Kullum a nan take tsayawa. Ko ina yarinya na lura, in ta zo wurin ba ta kallon kowa, kasko take kallo.

Bayan rasuwarta kwallarta ta faɗo a rabona. A ƙasan zannuwa na tarar da lambar soja, ƙarfen ya yi baƙi, zaren ya koɗe. Goggona ta ce ta kakanmu Bukar ce, ita ake rataya wa yaran gidan in suna haƙori. Da ɗana Abba, haka muke kiransa, ya fara zazzaɓin haƙori, na rataya masa a ɗakinmu na Nasarawo.

Inna, uwar mijina, ita ta hango rubutu a gefen ƙarfen, ta sa ɗanta ya karanta. Wasu lambobi ne, sai suna: Yila Tangale.

"To fa," in ji Inna. "Yaushe kakan naki ya koma Batangale? Cire wa maigidana kayan mutane. Sojan da, wa ya san abin da suka kwaso a jikin gawa?"

Tana dariya ta faɗa, amma ni abinci bai ƙara yi min daɗi ba. Abba ya fizge biskit a hannun ɗan maƙwabta, abin da kowane yaro ke yi, sai na ce a raina, ko halin mai sunan ne ya fara fitowa?

Ina zuwa yi wa wata tsohuwar malamar makaranta kitso a unguwar Federal Low-Cost, Mama Rifkatu, 'yar kudancin Gombe ce, inda ƙasar Tangale take. Ina tsakiyar yi mata kitson shuku na ba ta labari. Ta sa tabarau ta juya lambar.

"'Yata, Yila a wajenmu sun fi gyaɗar kakarki yawa. Kuma Baturen soja bai damu da sunan ubanka ba, ƙabilarka ko garinku yake liƙa maka. Lambobin nan su za mu bi."

Tana da ɗa a Kaduna, inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Ya je aka ce fayil bai fito ba, ya koma aka ce gara ta ci wani sashe. Har na fara zargin ko Mama ta ga wani abu take ɓoye min don kada ta rasa mai kitso. Sai rannan ta kira ni, ta nuna min hoton wata takarda a waya, ta karanta tana fassara min.

Akwai Yila, ya je Bama, an yaba masa kan wani ƙetaren kogi. Amma bai mutu can ba. Ya dawo da ransa, kuma a nan ƙasar aka maƙala masa lambar a fareti, kafin a sallame shi.

Na ce, "Mama, ke nan ƙarya Kaka ta yi mana?"

"Ko ita aka yi wa. Ko kuma ta gyara don yara. Zauna, kin tsaya min a ka kamar mai jiran keke."

Na zauna. Mutum yana raye, lambarsa na kwallar wani. Me ya rage in ba sata ba?

Mama ta ja hoton ƙasa da yatsa. "A layin da ke biye akwai wani Bukar Barno, shi ma an ba shi lamba a faretin. In kakanki ne, ina tasa?"

Ba mu da ita. Na tambayi Goggo, na zazzage kwalla har ƙasa, babu.

"To," in ji Mama, "na san tsofaffin sojojin da suka yi musayar hula ko zobe ranar rabuwa, don kada a manta juna. Ban ce haka aka yi ba. Na ce dai ki daina yanke wa mamaci hukunci da rabin takarda."

Da muna yara, na ɗauka tatsuniyar tana koya mana riƙon amana ne. Yanzu da na girma ina ganin Kaka kanta ba ta san ƙarshen ba. Ta auri mutumin da bai son zancen yaƙi, ta tarar da lambar wani a kayansa, ta zauna shekaru da irin zargin da ke cina yau. Wataƙila ta ƙaga mutuwar kogin ne don ta iya barci. Ni ba zan iya ba, don yaron da ke ɗauke da sunan yana kan cinyata, kuma wata rana zai tambaye ni wane ne Bukar.

Lambar tana nan a wurina, na wanke na naɗe, ban ƙara rataya wa kowa ba. Don Allah, in kai mutumin ƙasar Tangale ne, kuma kakanka Yila ya je Bama, ka buɗe akwatin tsofaffi ka duba gefen lambar da ke ciki. In ka ga Bukar Barno, ka nemi Falmata mai kitso a Nasarawo. In kuma a gidanku labarin sata kuka gada, shi ma ka zo ka faɗa min a gaban Inna, ka karɓi kayan kakanka.