Mati Mai Gadin Rana

A Unguwar Gawo, wani ƙauye da ke ɗan nesa da titin Gezawa, idan mutum ya cika tattalin kaya sai a ce da shi, "Kai kuma ka zama Mati." Sunansa na yanka Muhammadu, amma ko shi sai ya yi tunani kafin ya amsa shi. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa a babbar gona, gyaɗa a ta bayan gida, da awaki huɗu. Shekarunsa sun doshi sittin.

Abin da ya raba shi da sauran mutane shi ne tausayin kaya. Keken da ya saya tun yana ango har yau akwai leda a sirdinsa. In hadari ya tarar da shi a hanya, sauka yake ya tuɓe riga ya lulluɓe keken, shi kuma ya iso gida sharkaf yana atishawa. Rediyonsa tana da riga tata ta kanta, har da aljihun batir. Fartanya kuwa sai ya wanke ta kafin ya wanke ƙafarsa. Matarsa Hure takan ce, "Ni da Allah ya yi ni keke, da na san daɗin aure."

Shekaru da dama rijiyar burtsatsen ƙauyen da injin dizal take aiki, injin da in ya yi kwana biyu yana tari sai ya yi sati yana jinya. Da mai ya yi tsada sai aka rufe shi gaba ɗaya, mata suka koma guga. Ana nan sai ƙaramar hukuma ta fito da shirin mayar da rijiyoyin ƙauyuka masu aiki da hasken rana, Unguwar Gawo ta shiga sahun farko. Aka kawo farantan sola goma sha biyu, aka jera su a kan ƙarfe daidai ƙirjin mutum, aka ɗaga tanki sama, aka kewaye wurin da waya.

Da aka zo zancen wanda zai kula da wurin, dagaci bai ma tsaya shawara ba. Ya ce, "Mutumin da bai bar ruwa ya taɓa keke ba, ai ba zai bar komai ya taɓa wannan ba."

Injiniyar da ta haɗa kayan wata matashiya ce mai suna Khaulat, 'yar Bagwai, mai saurin magana da saurin tafiya. Ta tsayar da Mati ta yi masa bayani: a goge farantan kowace safiya da tsumma mai laushi, kada a bar awaki su shiga, kada a taɓa wayoyi. Ta faɗi wasu abubuwan ma, amma Mati bai ji su ba, domin a lokacin ya hango fuskarsa a cikin gilashin yana gyara hula.

Sati biyu ruwa na zuba kamar an yi ɓarin kogi. Mati ya yanka tsohuwar rigar sallarsa ya yi tsumma, yana goge farantan nan ɗaya bayan ɗaya yana yi musu sannu. Sai bazara ta kankama. Wata rana da azahar ya ɗora tafin hannu a kan faranti, ya janye da sauri yana yarfewa.

"Subhanallahi! Wannan ai azaba ce. Kayan gwamnati sabo fil, a bar shi a rana haka kamar ba shi da kowa?"

Bai yi wata-wata ba ya koma gida ya kwaso tabarmi uku, da asabarin ƙofar Hure, da bargonsa, ya rufe farantan ruf, ya danne da duwatsu. Ya koma gefe ya zauna yana jin ya yi aikin lada.

Kafin la'asar famfo ya fara shaƙuwa. Washegari ko ɗigo. Jarkoki suka yi layi har bakin masallaci. Duk wanda ya tambaya sai Mati ya ce, "Ku yi haƙuri, zafi ne ya yi masa yawa. Da ban rufe shi ba ma da tuni ya mutu." Ya ƙara zana biyu a kai.

A rana ta uku maƙwabcinsa Sama'ilu, wani dogon mutum mai sayar da kaji, ya buga wa Khaulat waya. Ta iso a bayan babur, ta sauka, ta dubi tabarmi da bargo, ta dubi Mati, sai ta zauna a kan jarkar wata mata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa saboda dariya.

"Baba Mati, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, 'yata. Ba sai kin gode ba."

"Baba, ai ranar ita ce abincinsa. Ita yake ci ya jawo ruwa."

Mati ya dubi bargonsa ya ce, "Wato azumi na sa shi, kwana uku, ba sahur?"

Ana yaye bargon, ba a yi minti goma ba tanki ya fara ƙugi. Mata suka rangaɗa guɗa. Mati ya naɗe tabarminsa ya wuce gida ta bayan gari.

Daga ranar ya juya baki ɗaya. Duk abin da ke da inuwa ya zama abokin gabarsa. Ya yi majajjawa saboda tantabaru. Ya hana Sama'ilu tsayawa ta gabas da safe, ta yamma da maraice, wai inuwarsa ta kai rabin faranti. In gajimare ya gifta sai ya ɗaga kai ya ce, "In ruwa ka kawo, bismilla. In yawo ne, yi gaba." Daga nan yara da manya suka sa masa Mai Gadin Rana, shi kuwa ya karɓa kamar sarauta.

Cikin wannan hali ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin sauyin yanayi, aka ce kowane ƙauye ya turo mutum ɗaya a tsara abin da za a yi nan da shekara biyar. Dagaci ya sake nuna Mati. Ranar taro ya sa babbar riga, ya tura kekensa har bakin titi saboda yashi, sannan ya hau zuwa sakatariya.

Shugaban kwamitin, Alhaji Kamaruddeen, tsohon malamin gona ne mai son dogon bayani. Ya ce damina ta daina zuwa a kan lokacinta, zafi na ƙaruwa, ƙasa na gajiya. Mati yana ta gyaɗa kai, domin ya ga haka a gonarsa: bara sau biyu ya yi shuka. Aka lissafa rijiyoyi goma sha tara da suka koma sola, da asibiti biyu, aka tafa. Sai Alhaji ya ce babban abin da ke gaba shi ne dashen itatuwa, kowane ƙauye bishiya ɗari biyar, a samu inuwa ko'ina.

Mati ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

"Ranka ya daɗe, inuwa fa ka ce?"

"Inuwa, Malam Mati."

"To ku gwamnati ku tsaya wuri ɗaya mana. Jiya kun ce rana, yau kun ce inuwa. Ni na yi inuwa, gari ya kwana uku ba ruwa, aka yi mini dariya har a kasuwar Gezawa. Yanzu za ku kawo guda ɗari biyar?"

Zauren ya kaure da dariya. Khaulat ce ta tashi ta zana masa a allo: ga rijiya, ga taku talatin ba bishiya, daga nan kuma a dasa har inda ido ya tsaya. Mati ya ce a rubuta taku talatin ɗin a takarda, kuma takun Sama'ilu, ba nata ba. Aka rubuta.

Alhaji Kamaruddeen ya ji daɗinsa ƙwarai, har ya ce a tashi yanzu a je a ga rijiyar Unguwar Gawo, tunda an ce ba wadda ta kai ta tsabta. Aka ɗora keken Mati a bayan mota, bayan Matin ya shimfiɗa masa hularsa da ɗan kwalin wata ma'aikaciya. Duk hanya yana ba su labarin yadda ko ƙuda ba ya sauka a farantansa.

Suna shan kwana ya hango wurin ya canza launi. Faranti huɗu jajawur da tattasai, huɗu kore shar da yankakkiyar kuɓewa, uku tumatir. A na ƙarshe kuwa wandonsa ne na gona, an wanke an baje shi ƙafa biyu. Hure na tsaye a ciki da faifai, mata uku na taya ta juyawa.

"Hure! Me zan gani haka?"

"Shanya, Malam. Kai da bakinka ka ce wurin ya fi tanda zafi. Kuma na jira sai da tanki ya cika."

"A gaban baƙi? A kan kayan hukuma?"

Hure ta ajiye faifai, ta gaida Alhaji har ƙasa, sannan ta ce, "Alhaji, ku yi mana adalci. In mun shanya a tsakar gida, kaji. In mun kai bayan gida, awaki. In mun kai bakin titi, mota ta bi ta kai, mu ci miya da yashi. Nan kuwa ga waya, ga tsabta, mijina kullum yana gogewa. Kuɓewar da ke kwana huɗu, dubi yadda ta yi tun hantsi."

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya karya, ta ce ƙaras. Ya dubi Khaulat, ita kuma ta riga ta fito da biro. Mati dai ya lallaɓa ya janye wandon ya cusa a cikin babbar riga, yana fatan ba wanda ya gani. Kowa ya gani.

An kwashe shanyar a ranar, Khaulat ta ja wa matan kunne sosai a kan farantan. Amma da aka buga tsarin shekara biyar, sai ga rumfar shanya a ciki: ragar waya, rufin leda mai haske, da 'yar fanka mai aiki da faranti ɗaya. Ta farko a Unguwar Gawo aka gina ta, bayan kaka, kuma matan suka zaɓi Hure ta riƙe mukulli.

Da Mati ya kawo barkonon gonarsa, ya nufi ƙofar rumfar kai tsaye. Hure ta tare shi da hannu.

"Malam, layi ake bi. Kai ne na tara."

"Ni fa ɗan kwamiti ne."

"Na sani. Ɗan kwamiti na tara."

Ya sauke buhunsa a bayan na Sama'ilu, ya zauna a kai, ya tambayi matar da ke gabansu ko layin na tafiya.