Sallar Malam Idi a Kwance

Ranar da aka kawo mana Malam Idi ba ta taɓa fita daga raina ba. Cikin damunar 2001 ne, ina ƙaramin ma'aikacin jinya a wani asibiti mai zaman kansa a Agege. Da yake a unguwar aka haife ni, ina jin Yarbanci da Turancin buroka, sai aka haɗa mini da aikin tafinta ba tare da an tambaye ni ba.

Tsarinmu shi ne, duk wanda ya zo sai ya fara biyawa ta teburin babbar nas, wata Bayarbiya da muke kira Alhaja. Ita ke yanke wanda zai ga likita nan take da wanda zai jira a benci. Aikina in tsaya a gefenta in mayar mata da abin da mutanenmu suka faɗa.

A teburin nan na koyi yadda kowace ƙabila ke kambama magana. Mai buroka zai ce “e dey pain me die”, wato ciwon ya kai mutuwa, kuma da kalmar nan zai yabi shinkafar biki. Yarbawa na liƙa “pa” a ƙarshen magana, ma'anarta kisa. Alhaja ta dage cewa daga wajensu buroka ta aro salon, wata nas 'yar Ibo ta ce ƙarya ne, nasu ne. Ni dai ban ga mai hujja a cikinsu ba. Na ce musu mu ma muna cewa abu ya yi masifar kyau ko bala'in tsada, kuma ba mu aro a wajen kowa ba. Abin da na lura shi ne kowa wajen mutuwa da halaka yake zuwa neman kalmar da za ta yi masa nauyi.

Malam Idi ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, dattijo mai furfura, kwandunan tumatir yake saukewa daga mota. Wani ɗan garinsu, Sale, ya kawo shi. A gabansa a layi akwai wani direban danfo, wato bas ɗin haya, da ƙofa ta datse wa yatsa, yana ta kiran mutuwa da harsuna biyu. Malam Idi kuwa ya zauna a bakin benci ya riƙe mara, gumi na zuba.

Na ce, “Baba, ya jiki?”

Ya ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Ciwon ya yi tsanani ne?”

“To, akwai shi dai. Amma da sauƙi.”

Na mayar wa Alhaja yadda ya faɗa, na ƙara da cewa fuskarsa ba ta yi mini ba. Na sake lallaɓa shi, na ce, “Baba, nan asibiti ne, ba gaisuwa muke yi ba. In ya yi tsanani ka faɗa.” Ya dube ni kamar na ce ya yi saɓo. Ya ce, “Ɗana, wanda Allah ya jarraba ai ba ya kai ƙara.” Mutumin da zai ce tumatir ya yi masifar tsada sau goma kafin azahar, bakinsa ba zai iya ɗora kalmar a kan jikinsa ba.

Alhaja ta daɗe tana aiki da Hausawa. Ta ajiye biro ta ce mini da Yarbanci, “Rabu da ciwon. Tambaye shi yadda ya yi sallar asuba, a tsaye ko a zaune.”

Na tambaye shi. Ya ce, “A kwance.”

Alhaja ta miƙe da kanta ta turo keken marasa lafiya, ta ce wa direban ya ci gaba da mutuwarsa a benci. Likita ya duba ya ce ƙaba ce ta shaƙe hanji, aka shiga da shi tiyata. An yi aikin, amma hanjin ya riga ya ruɓe, guba ta bi jini. Bai kai ƙarshen makon ba.

Da Sale ya zo ɗaukar gawa na tambaye shi tun yaushe ciwon ya fara. Ya ce an kwana biyu yana kwance a rumfar da suke kwana. Na ce babu wanda ya duba shi? Ya ce, “Wallahi kowa ya duba shi, safe da yamma. Ya ce da sauƙi, mu ce Allah ya ƙara sauƙi, mu tafi wajen mota.” Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san da ina rumfar, amsar da zan ba shi ke nan.

Saboda haka ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku auna ciwo da girman kalma. In namu ne ya zo, ku tambaye shi abin da ciwon ya hana shi yi. Wannan zai faɗa muku, don a wajensa ba ƙorafi ba ne, labari ne kawai.