Ba Kakana Alhusaini ya ɗaure ruwan bana ba

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, 9 ga Oktoba 1984, bayan azahar, Kakana Alhusaini ya cika a gidansa na Tawa bayan zazzaɓin kwana shida. Mutanen da sunka yi mashi salla ba su kai sahu biyu ba, kuma ni Ciɗo, jikansa, na san dalili.

Kaka, shekara tara ka yi gadin gidan wani likitan dabbobi Bature. Da zai koma ƙasarsu bara, kai ya bar ma akwatin gilashinsa mai ruwan teku da murjani mai rai a ciki, da buhunan gishirinsa, da fitilarsa da injin motsa ruwa. Ni ina ce mashi amaryar Kaka, ina ce maka tsohon da ke kiwon tsakuwa. Kai kuwa ka jawo kunnena ka nuna mani ƙananan bakunan murjanin suna buɗewa. Ka ce dabba ce, launinsa kuma na wani ɗan tsiro ne da ke zaune cikin namansa yana ciyar da shi. Ka koya mani in ruwa ya ragu a ƙara mai daɗi kawai, don gishiri ba ya tashi sama.

Damina ta zo ba ruwa. Gero ya ƙone a Barmu da Takanamat, mutane sunka kwararo gari da 'yan awakinsu. Rannan a layin famfo, don in ba samari dariya, na ce ai Kakana ya ɗaure ruwan bana cikin kwalba, amaryarsa ke sha. An yi dariya, na manta. Kwana uku maganar ta dawo mani daga bakin mai nama, babu dariya a cikinta.

A makon nan kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta yankewa, ɗaki ya yi zafi, murjani ya fara fari daga kan rassa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta gani, ta fita tana cewa asirin ya nuna.

Ranar Juma'a bayan saukowa daga masallaci mutane sunka zo gidanka, sun fi arba'in. Yunusu, wanda shanunsa goma sha ɗaya sunka mutu, yana gaba da taɓarya. Ni na ɓuya bayan randa. Ka tsaya bakin ƙofa, ka ce su shigo uku-uku. Ka tsoma ma'aunin zafi ka nuna masu talatin da uku, ka ce murjani ba ya jure abin da ya wuce ishirin da takwas. Ka sa Yunusu ya duƙa ya ga ɗan siririn naman da ke kan farin ƙashin. Ka ce da ya mutu, da naman ya saɓule, gansakuka ta hau.

“Malam Yunusu, bai mutu ba. Zafi ya kore mashi abincinsa, yunwa yake ji. Abin da ya sami shanunka shi ya same shi.”

Yunusu bai sauke taɓarya ba sai da jandarmomi biyu sunka iso. Babbansu ya watse mutane, ya hana ka ɗibar ruwan famfo don akwatin, sannan ya ce a faɗa mashi wanda ya fara wannan magana, yau zai kwana a hannunsu. Ka dubi inda nake, ka ɗauke kai.

“Ban sani ba, ranka ya daɗe.”

Ban taɓa jin ka yi ƙarya ba sai ranar.

Daga nan ka koma taimama. Ruwan alwalarka da rabin na shanka ka riƙa jiƙa buhu da su kana lulluɓe gilashin, kana fifita. Ka rage fitila, ka niƙa busasshen kifi kana ɗiga mashi da tsinke. Ka hana ni zuba ƙanƙara, ka ce sanyin gaggawa kashe shi yake. A masallaci wanda ke kusa da kai sai ya matsa. Wata biyu haka, ba ka ce mani komi ba, ni ma ban buɗe baki ba. Ina tsoron jandarma, ina tsoron Inna.

Reshe biyu sun mutu. Na uku ya fara ɗaukar launin ƙasa-ƙasa a gindi, ni ke jiƙa buhun yanzu.

Jama'ar Tawa, ni na ƙirƙiro maganar, da bakina, a layin famfo. Alhusaini bai ɗaure komi ba. Na roƙi Liman Ma'azu ya karanta wannan takarda Juma'a mai zuwa, zan tsaya kusa da shi, wanda zai tafi da ni ya same ni nan.

Ina yi wa kakata Tanna ta'aziyya, da Inna Kadidiya, da kawu Attahir, ina roƙonsu gafara in sun iya. Allah Ya jiƙan ka, Kaka, Ya sanyaya kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi. Ƙaryar da ka yi domina, Allah Ya ɗora ta a kaina. Amin.