Dashen Huhu na Biyu

Sana'ata dillancin tsofaffin injinan masana'anta a Sharaɗa. Ban taɓa sayen inji da bakin mai shi ba. Ma'aikacin da ke yini a kansa nake ja gefe in tambaya.

Ƙurar audugar masaƙar da na yi ƙuruciyata a cikinta a Bompai ita ta cinye mini huhu, har aka yi mini dashen wani a Indiya. Shekara shida ina garau, sai numfashi ya fara gajarta. Likitana na can ya ce jikina ne ke ƙin huhun a hankali, kuma magani ba zai gyara ba. Ana iya sake dashe, amma bai ɓoye mini ba: masu daɗewa bayan na biyu ba su kai na farko yawa ba.

Yayana ya ce, "Ka haƙura. Gara a yi maka sutura a Kano da a dawo mana da kai a akwati."

Na ce, "Yaya, ku bari in yi tambaya tukuna."

Na roƙi likitan ya haɗa ni a waya da mutum biyu, in sun yarda: wanda ya rayu bayan dashe na biyu, da iyalin wanda bai rayu ba. Da tafinta muka yi magana. Matar mamacin ta ce mijinta ya yi ta jinkiri, sai a kwance aka kai shi, inji na hura masa iska. Mai ran kuwa da ƙafarsa ya shiga asibiti. Likita ya ce haka su ma suke gani, mai sauran ƙarfi ya fi tsallakewa.

Daga ranar na yanke shawarar tafiya, na ɗora tukunyar iskar da nake numfashi da ita a kan ƙaramar kura mai taya. Kullum bayan la'asar sai na zagaya layin masana'antu ina janta, don kada ƙafa ta mutu kafin a kira ni. Wani dattijo ɗan Filato da ke gyara mini injina ya hango ni.

"Alhaji, walda kuka koma?"

"Bakinka zan fara liƙewa," na ce, ina haki.

Da na isa asibitin a Indiya aka turo mini keken marasa lafiya, na ce a kai wa mai buƙata. Wata huɗu na jira kafin a samu huhun.

Yau shekara uku da dashen. Ajali na Allah ne, ban san abin da ya rage mini ba, amma ban zauna jiransa a tabarma ba. Yaya yanzu yana gaya wa mutane shi ya matsa mini in tafi. Ba na musa masa.